Gumbar Iya Yalwa

An ce in rubuta muku yadda ake aikin nan kafin in bar muku filin, ku matasan da aka ɗauko mana sabbi a gidan rediyo. To ga shi, amma ba zan yi masa ado ba, don na gaji. Na ji abin da ɗayanku ya faɗa rannan a bakin ɗakin watsa shiri, wai Gwaggo Asabe banza ta faɗo mata, shekara da shekaru aikinta ke nan ta zauna ta kalli katun, ranar Asabar ta zo ta ce ya yi kyau ko bai yi ba. Ban ji haushi ba. Maigidana ma haka ya yi ta faɗa har ya koma ga Allah, kuma ya fi ka iya tsara ta. Kallon kitse kuke yi wa rogo, shi ke nan. Filin nan na sharhin zane mai motsi domin iyaye, ba a kan kujera ake yin sa ba.

Aikin farko da aka ba ni, ko baki ba a bar ni na buɗe ba. Lokacin Dutse ba ta daɗe da zama hedikwatar jiha ba, bidiyo ya fara shiga gidajen ma'aikata, 'ya'yan maƙwabta suna cika tsakar gida kamar ana rabon sadaka. Iyaye suka fara zuwa har ofis suna tambayar mene ne wannan abin da yara ke kallo har suna mance aike. Wanda aka ɗora wa amsa musu shi ne Malam Garba, mai sharhin wasannin kwaikwayo, dattijo mai gajen haƙuri wanda bai taɓa yabon mutum a gaban idonsa ba. Shi ya ɗauke ni, ya kuma gaya mini ba don basirata ya ɗauke ni ba. Shi namiji ne, iyakarsa zaure, talabijin kuwa tana can cikin gida inda ba ya shiga. Ya sa mini kaset na wani katun na waje, ya murɗe sautin gaba ɗaya, ya ce in kalla. Da na ce ai ba na jin abin da suke faɗa, sai ya ce yaron ƙauye ma ba ya jin yaren, abin da hannu ya yi shi zai ɗauka. Ya tambaye ni wa ya doki wa, da me ya doke shi, wa kuma ya yi dariya bayan dukan. Na kasa amsawa. Ya mayar da kaset ɗin farko ya tafi masallaci.

Da ya ga idona ya fara buɗewa, sai ya koya mini abin da shi ne sana'ar ɗungurungum. Ya ce idan na kalli shiri ni kaɗai har na san shi ciki da bai, in ɗauke shi in kai gidan mutane, in kunna, sannan in ba talabijin baya. Fuskokin masu kallo su ne aikina. Ya ce dariya ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda take kufce wa yaro bai shirya ba, akwai ta biye wa yayye, wadda ƙaramin bai gane komai ba amma ya ga manya sun dara. Akwai kuma wadda sai yaro ya saci kallon uwarsa kafin ya sake ta. Wannan ita za ki riƙe, in ji shi, don ta nuna yaron da kansa ya san an taka wani abu. Wanda ya zauna a ofis ya toshe kunne da abin ji ba zai taɓa ganin haka ba. Har yau in na ji wani ya zuba sharhi a wayarsa alhali bai ma ƙarasa kallon ba, nakan tuna Malam Garba, Allah Ya jiƙan sa, in ce gara da bai kawo wannan zamani ba.

Kayan aikin kuwa sun ba ni wahala. Na fara da ƙaramar talabijin da bidiyo da batirin mota, a ɗaure mini su a bayan motar kasuwa tare da awakin mutane. In mun isa, wani lokaci bidiyo ya tauna zaren kaset a tsakiyar shiri, in buɗe murfi ina gogewa da ƙyalle, yara suna tsaye a kaina kowa da shawararsa. Faifan sidi ya zo, shi kuma ƙarzuwa kaɗan sai hoto ya tsaya cak, mutum baki buɗe. Yanzu filasha ce da laftop a jaka ɗaya, sai dai bayana ya riga ya tafi tun zamanin batir. Ba a shiga gidan mutane hannu rabbana. Sabulu ga matar gida, goro ga maigida, alawa ga yara, amma alawar ba a fitar da ita sai an gama, domin yaron da ya ga alawa zai yi miki dariya ko bango kika nuna masa. Ba a zuwa tsakiyar damina, ba wanda ke da lokacinki, ba a kuma zuwa ranar kasuwar garin.

Wata rana a Taura na kai wani katun da ake ta ƙwala wa juna tukunya a ka, wanda aka ƙwala wa ya baje a ƙasa ya tashi garau. Ni a ofis ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ina zaune na ba shi baya, sai na ga hannun wani yaro yana tashi yana sauka daidai da kowace ƙwala, idonsa kuma yana auna kan ƙanwarsa. Kafin mu naɗe tabarma ya lallaɓa madafa zai ɗauko muciya, uwar ta riga shi. Ranar Asabar abin da na gaya wa mata ke nan. Na ce su bar yara su kalla in suna so, amma a kawar da muciya da taɓarya. Suka yi ta bugo waya suna dariya, wata ta ce na makara, tata 'yar an riga an kai ta kemis. A haka aka san ni. Matan ƙauyuka suka koma jiran abin da zan faɗa, haka ma malaman makarantun allo, waɗanda iyaye kan tambaya ko abu ya dace, su kuma ba su da lokacin zaman kallo. In na ce a buɗe ƙofa a buɗe, in na ce a rufe a rufe. Ku kuna jin haka kamar sarauta ce. Kaya ne, kuma akwai shekarar da na so in sauke na rasa mai kama mini.

Abin ya faro ne daga wani matashi ɗan Buji mai suna Sabitu. Shi da abokansa sun kama wani shago a bayan kasuwa nan Dutse, da tsofaffin kwamfutoci da janareta mai tari, suka zana shirin da suka kira Gidan Malam Cindo. Tunda nake aikin nan ban taɓa ganin katun da mutanen ciki ke cin tuwo, suna tuɓe takalmi a bakin ƙofa, suna Hausa irin tamu ba sai shi. Zanen kam sai a hankali. Akuya tana tafiya kamar an tura tebur, bakin mutum yana ta motsi bayan magana ta ƙare. Malam Cindo manomi ne mai son nuna ya san birni, kullum da dabarar da za ta kai shi ta baro shi, matarsa tana binsa da gyara. Amma ba su ne ran shirin ba. Ran shirin shi ne mahaifiyarsa, Iya Yalwa, da jikanta Sallau.

Ita tana kiransa mijinta marowaci wanda bai taɓa kawo cefane ba, shi yana ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Ya sace mata goro, ta ɓoye masa takalmi ranar da zai fita yawon salla. A kowane kashi kuma akwai inda za ta yi tari, shi kuma ya leƙa fuskarta ya ce, "Iya, yaushe za ki mutu mu ci gumba?" Sai ta numfasa ta ce, "Gumbata ba da haƙori za ka ci ta ba, ja'iri." Maganar nan ta cika gari. Yara suna yi wa kakanninsu ita a tsakar gida, tsofaffi suna mayar musu da amsar, ba wanda ya ji zafi, don wasan jika da kaka ya girmi talabijin. Na kai shirin gidaje da dama, ban ga yaron da ya saci kallon uwarsa ba, uwar ce ma ke riga shi darawa. Na yabe shi a rediyo yadda ban taɓa yabon wani shiri ba, har gidajen da ba su taɓa yarda da katun ba suka buɗe masa ƙofa. Na kuma yabi yarinyar da ke yin muryar tsohuwar, ko da yake ban ga sunanta a jerin sunayen ƙarshe ba, kuma a raina nakan ce wannan tarin ba koyonsa aka yi ba.

Da zango na farko ya ƙare, gidan talabijin ɗin da ke haska shi ya ba su damar zango na biyu bisa sharaɗi. In iyaye suka karɓa kamar da, filin ya zama nasu. In aka juya masa baya, a mayar da filin ga katun na waje, su Sabitu su kama gabansu. Su kuwa ba su da wani aiki bayan wannan, wasunsu har sun yi aure a kansa. Kowa kuma ya san bakin wa iyaye ke jira. Ana saura 'yan kwanaki a haska kashin farko, Sabitu ya aiko mini da filasha, bai zo da kansa ba. Na kalla a ofis, na sake kallo, abin bai kwanta mini ba, amma na ce wa kaina ba ni ce mai hukunci ba tukuna, sai na ga fuskoki.

Garki na kai shi, gidan Malam Ya'u. Manomin gero da riɗi ne, yana da 'yan awakinsa, mutum mai kamun kai wanda ba ya zaman tsakar gida da yara. Amma Iya Yalwa ta ci shi da yaƙi tun zango na farko, ya ce mahaifiyarsa take tuna masa. Lokacin an kai amfanin gona gida, an samu sarari. Bayan la'asar matarsa Hajara ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, 'ya'yansu da na maƙwabta suka jeru, shi kuma ya jawo kujera can gefe yana tufka igiya, wai shi ba kallo yake yi ba. Na kunna, na juya baya.

Farkon ya tafi daidai. Zanen ya gyaru ƙwarai, akuya ta koma akuya, har na ji Hajara tana cewa yaran nan sun ƙware. Malam Cindo ya sayo injin ban ruwa bai san inda ake kunna shi ba, aka sha dariya mai kyau. Sai matar Cindo ta faɗa a cikin zance cewa Iya ta tafi ƙauye ganin gida. Yara suka yi ɗan tsaki, suka ci gaba da jira. Daga nan Sallau ya sace hular ubansa ya ɗora a kan akuya, ya bi bayansa yana kwaikwayon tafiyarsa, ya ce masa tsoho mai ran ƙarfe. A nan na fara ganin abin da Malam Garba ya ce in riƙe. Manyan yaran suna dariya rabi-rabi, ido yana zuwa wajen mai tufka igiya yana dawowa. Hannun Malam Ya'u ya rage sauri.

Sai aka zo cin tuwo, Malam Cindo ya ƙware ya yi tari. Yara sun san abin da ke biyo bayan tari, don tun zango na farko tare da Sallau suke rera maganar. Bakuna suka buɗe gaba ɗaya, suka fara, sai suka ji Sallau ya ce Baba maimakon Iya. Muryoyin suka mutu a tsakiya. Auta ce kaɗai ba ta san an canja komai ba, yarinya 'yar ƙarama da ba ta fara zuwa makaranta ba. Ta juya wajen mahaifinta tana washe baki, ta ƙarasa masa ita tsaf: yaushe zai mutu su ci gumba.

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji Hajara, ta fizgo ta ta toshe mata baki. Yarinyar ta fashe da kuka, ba ta san laifinta ba. Malam Ya'u ya miƙe. Ya naɗe igiyarsa a hankali, ya sa takalmi ya fita. Shirin ya ci gaba da surutunsa a bayana, ba mai kallonsa. Na kashe, na raba alawa, manyan yaran suka karɓa kai a ƙasa kamar su suka yi laifin.

A zaure na same shi. Ya amsa sallamata, ya yi mini godiyar goro kamar kullum, sannan ya ce, "Malama, ke kika ce mu buɗe wa mutanen nan ƙofa, muka buɗe. Ni ba zan ce komai ba. Abin da kika faɗa ranar Asabar shi za mu bi."

Malam Garba yana da wata doka, ba a yanka mutum a rediyo sai an kalli idonsa tukuna. Washegari da hantsi na tafi shagon su Sabitu. Abokansa suna ganina suka gaishe ni suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ba ni kujerarsa, na ga ya rame. Ban yi masa kwana-kwana ba. Na gaya masa abin da ya faru a Garki, na ce shi ɗan gidan malamai ne, ya fi ni sanin cewa abin da jika zai faɗa wa kaka a yi dariya, in ɗa ya faɗa wa uba ya zama mugun fata. Na tambaye shi ina suka kai tsohuwar, me ya kai ta ƙauye.

Ya ce, "Mun ci gumbar, Gwaggo."

Ashe babu wata yarinya. Muryar Iya Yalwa ta kakarsa ce, wadda ta haifi mahaifinsa, tsohuwar da ta rene shi a Buji. In ya je gida sai ya ajiye waya kusa da tabarmarta ya tsokane ta, ita kuma ta zuba masa, ya dawo Dutse su zana shiri a kan abin da ta faɗa. Ta san ana sa ta a talabijin, tana ma tambayarsa ko mutane sun yi dariya. 'Ya'yanta ne ba su sani ba. Malamai ne masu makaranta, ba talabijin a gidajensu, kuma ba za su taɓa yarda a ce muryar mahaifiyarsu tana yawo a gidajen mutane ba. Matan unguwa da suka gane muryar a wasu gidaje sun rufe bakinsu. Da damina tsohuwar ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba.

Ya ce sun gwada mata da dama su yi muryar, wasu sun iya sosai, amma duk wadda ta fara sai ya tashi ya bar ɗakin. Lokaci yana tafiya, gidan talabijin yana jira. Rabin wasan ne ya rage a hannunsu, na jika, ba wanda za a jefa da shi. Abokansa suka ce maganar gumba ita ce tambarin shirin, in an cire ta an cire komai, kuma ai a katun na waje uba ake mayarwa abin dariya duniya tana kallo. Shi kuma a lokacin ko me aka ce masa to yake cewa. Na yi masa ta'aziyya, na yi wa tsohuwar addu'a, kuma ban ɓoye hawayena ba, don ni ma na saba da ita ban taɓa ganinta ba.

Sannan muka dawo kan aiki, don aiki ba ya jiran makoki. Na ce su cire maganar. Ya ce ba wuri ɗaya ba ne, zangon gaba ɗaya a haka aka gina shi, an kuma riga an miƙa, sake zana shi aikin wata da watanni ne. Na ce to ya ba ni izini in gaya wa mutane tsohuwar ta rasu. Na san mutanenmu, in suka ji haka za su yi masa uzuri, su yi haƙuri da zango ɗaya har ya gyara. Ya girgiza kai. Ya ce baffanninsa za su ji, a yi ta maganarta bayan tana kabari, kuma ko ba don su ba, shi ba zai nemi masu kallo da mutuwar kakarsa ba. Da na miƙe zan tafi ya raka ni bakin ƙofa, ya ce, "Gwaggo, ki ce dai zanen ya yi kyau. Ai ba ƙarya ba ne."

Ba ƙarya ba ne kuwa, kuma a nan wahalar sana'ar take. Ba wanda zai ce ku yi ƙarya. Za a ce ne ku faɗi gaskiyar da ba ta da ciwo ku tsallake ɗayar. Kwanakin nan gaba kura baya sayaki na yi su. In na tsaya a kan zane, ranar Lahadi gidaje irin na Malam Ya'u za su zaunar da 'ya'yansu bisa amanata, 'yan ƙananan su juya wajen iyayensu maza. In na faɗi abin da na gani, na rufe shirin da na fi so a duk shekarun aikina, na kuma rufe shagon mutanen da ke cikin makoki, ba tare da na iya faɗin dalilinsu ba.

Ranar Asabar na shiga na zauna gaban makirfo. Na fara da zanen, na yabe shi iya yabo, na yabi injin ban ruwa. Sannan na ce Iya Yalwa ba ta cikin wannan zango, kuma wasan da ake yi da ita an mayar da shi kan uba, har maganar gumba. Na ba da labarin yarinyar Garki ban faɗi gida ba. Na ce masu shirin yaran kirki ne, ba raini ya sa su ba, amma ni dai ba zan zaunar da ƙananan yara gabansa ba. Aka buɗe layi. Wani malami ya sa mini albarka, wata mata ta ce dama ta san 'yan boko ba sa daɗewa ba su nuna hali ba. Wani dattijo daga Taura ya tambaya cikin damuwa, shin tsohuwar lafiya take, yaushe za ta dawo daga ƙauyen. Na ce masa wannan sai masu shirin. Tunda nake magana a rediyo ban taɓa jin nauyin harshena kamar wannan lokacin ba.

Zangon bai kai rabi ba aka cire shi. Iyaye sun rufe ƙofa kamar yadda na san za su yi, wanda ke ɗaukar nauyin shirin ya janye, abokan Sabitu suka watse, wani ya tafi Kano, wani ya koma gona. Gidan talabijin ya cika alkawarinsa, ya sa wani katun na waje a filin. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Uban da ke cikin wannan ko kare ba a yi wa abin da 'ya'yansa ke yi masa. Na ɗauke shi na kai gidaje, na dawo na faɗa a rediyo da kakkausar murya fiye da yadda na yi wa su Sabitu, ba wanda ya ko bugo waya. Na koma Garki na tarar ana kallonsa a gidan Malam Ya'u. Da na yi masa magana sai ya ce ai waɗannan ba mutanenmu ba ne, ba Hausa suke yi ba, yaro ya san ba gidansu ake nuna masa ba. Ban iya ce masa ya yi kuskure ba. Namu ne kaɗai ya isa ya yi mana ciwo, shi ya sa namu ne kaɗai muka kashe. Daga wannan shekarar ƙarfina ya fara raguwa, ga kuma waya ta shiga hannun kowane yaro, abin da yake kallo a lungu ba wanda ya aiko mini da filasharsa.

Don haka in kun karɓi filin, ku dai je gidajen. Ku ɗauki mace a cikinku, don har yanzu akwai ƙofar da namiji ba ya wucewa. Ku kalli idon mai shiri kafin ku taɓa shi. Ba zan ce muku yin haka zai sa ku ji daɗi ba, ni bai sa ni ba.

Sabitu yana nan a shagon, shi kaɗai. Yanzu kalandar biki yake bugawa, da sitika, da allunan talla. Na daɗe ina kauce wa layin, in zan shiga kasuwa sai in zaga ta wajen masu kayan miya. Bara da za a aurar da jikata, uwarta ta matsa sai ni zan je a yi kalanda, wai duk Dutse ba wanda ya kai shi hannu. Na tafi na shirya wa fuskar shanu, ko baƙar magana, na ce duk wadda ya ba ni zan karɓa. Ya tashi ya durƙusa ya gaishe ni kamar da, ya share mini kujera. Muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi 'yarsa Hauwa, wadda na sani tun tana goye. Ya ce tana nan ta yi wayo, har ta shiga aji. Ya karɓi hoton amarya ya sa a kwamfuta, ya shiga gyara gefensa. Bai ɗago ba ya ce, "Kin san ranar da aka haska kashin farkon zango na biyun nan, Gwaggo, Hauwa ta ɗauko tabarmarta tun la'asar ta zauna, wai za ta kalli shirin babanta. Ce mata na yi babu wuta."

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Ya juyo da kwamfutar wajena ya tambaye ni wane launi amarya ta fi so. Na ce kore, ban ma san ko haka ne ba.